Tsakanin "Wajibi Ne" Da "Ya Kamata": Manomin Zuru Da Tarukan Sauyin Yanayi

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka kuwa ba ya samun sukuni sai ya sauke. Yau fiye da shekara talatin ke nan shugabannin duniya suna taruwa suna ɗaukar alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, tare da tallafa wa ƙasashen da wannan ɗumama ta fi cutarwa. An taru a Riyo ta ƙasar Barazil a 1992, an taru a Kiyoto ta Japan a 1997, an je Kwapanhegan a 2009, an je Paris a 2015, har aka kai ga taro na talatin a birnin Belem a watan Nuwamban 2025. A tsawon wannan lokaci, iskar kabon da duniya ke fitarwa ta hanyar ƙona kwal da man fetur da gas ta tashi daga kimanin tan biliyan 22 a shekarar 1990 zuwa sama da tan biliyan 37 a shekara. Wato ana ta sa hannu a takarda, hayaƙi kuma yana ta ƙaruwa.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abin da na fahimta shi ne a cikin kalmomin yarjejeniyoyin nan ake kwance wa alkawarin igiya tun kafin a ɗauke shi. Domin mai karatu ya ga cewa wannan magana ta shafe mu kai-tsaye, zan auna ta da halin da manomin ƙasar Zuru yake ciki, mutumin da bai taɓa halartar ko ɗaya daga cikin tarukan ba, amma a gonarsa sakamakonsu yake sauka.

Masarautar Zuru tana kudancin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu. Ƙasa ce mai duwatsu da kwaruruka, mazaunin Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna kuma suke kiran harshensu C'lela, tare da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani da sauransu. An san mutanen wannan yanki da abu biyu, aikin soja da noma. Dawa da gero da masara da shinkafa da wake da gyaɗa su ne ginshiƙin rayuwarsu, kuma kusan duk wannan noma da ruwan sama ya dogara. Babban bikinsu na gargajiya, wato Uhola, biki ne na godiya bayan an kai amfanin gona gida. Al'ummar da babban bikinta ya rataya a kan girbi, to kuwa duk abin da ya taɓa damina ya taɓa cikinta da aljihunta da al'adarta baki ɗaya.

A tafiye-tafiyen nazarin harshe da nake yi a wannan yanki, koken da na fi ji daga bakin manoma iri ɗaya ne. Ruwan farko ya sauka a yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa mako biyu ko uku, shuka ta ƙone, a sake neman iri. Idan ya dawo kuma sai ya zo da ƙarfin da ƙasa ba ta iya shanyewa, ya kwashe taki da ƙasar sama daga gangaren duwatsu, ya bar zaizaya. Wani lokaci ya yanke tun dawa ba ta gama cika ido ba. Manomi ya saba da fari, ya saba da ambaliya, kakanninsa ma sun gani. Abin da bai saba da shi ba shi ne damina ta daina bin lissafin da ya gada.

Binciken masana ya yi daidai da wannan koke. Iskar kabon da ake fitarwa ba ta gushewa da wuri, wani kaso nata yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru a sararin sama yana tare zafin da ya kamata ya fice daga doron ƙasa, kamar yadda bargo ke tare zafin jiki. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kaso miliyan ɗaya na iska akwai kimanin kaso 280 na kabon, yau ya haura 420. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa zafin shekarar 2024 ya ɗara na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.5 a ma'aunin Salshiyas. Duk ƙarin digiri ɗaya kuwa yana sa iska ta iya riƙe ƙarin kimanin kashi 7 cikin 100 na tururin ruwa. Ma'anar wannan ita ce ƙasa tana saurin bushewa tsakanin ruwa da ruwa, idan hadari ya haɗu kuma sai ya juye da yawa a lokaci guda. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ruwa a yankin Sahel, wanda ke arewa da mu, sun ninka har sau uku tun daga 1982.

Mun kuma ga abin da idonmu. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2020 ruwa ya shanye dubban kadada na shinkafa a fadamun Jihar Kebbi ana dab da girbi. A 2022 mutanen da suka rasu sun haura 600, kuma masanan da suka yi nazarin ruwan wannan shekara sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar saukar irinsa kusan sau 80.

To wa ya jawo? Nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa a shekara. Idan aka raba abin da Nijeriya ke fitarwa daga ƙona makamashi ga yawan jama'arta, kowane mutum bai kai tan ɗaya ba, alhali na Ba'amurke ya haura tan 13. Manomin Dabai ko Ribah ko Mahuta, wanda fartanya da garma su ne kayan aikinsa, nasa kason bai ma kai na matsakaicin ɗan Nijeriya ba. Ƙasar Amurka ita kaɗai ta fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk kabon da aka tara a sama daga ƙona makamashi tun farkon zamanin masana'antu, ƙasar Sin kuma ta karɓi ragamar yawan fitarwa a kowace shekara tun wajen 2006. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya tura hayaƙi gonar maƙwabcinsa har amfaninsa ya lalace, a kowace irin shari'a da muka sani, ta Musulunci ko ta gargajiya ko ta Bature, biyan diyya ke kansa. Abin da ke tsakanin ƙasashe masu arzikin masana'antu da manomin Zuru bashi ne. Tarihin tarukan nan kuwa, idan aka bi shi kalma bayan kalma, tarihi ne na yadda aka yi ta sauya wa wannan bashi suna har ya koma sadaka.

Yarjejeniyar Riyo ta 1992 ta fara da gaskiya, domin ta amince cewa nauyin kare yanayi yana kan kowa, amma kason kowa ya bambanta gwargwadon abin da ya jawo da kuma ƙarfinsa. Yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 ta ɗora a kan wannan, ta wajabta wa ƙasashe masu masana'antu rage hayaƙinsu da kimanin kashi 5 cikin 100 ƙasa da na 1990, a tsakanin 2008 da 2012. Ita ce kaɗai yarjejeniyar da ta zo da adadi na dole, kuma abin da ya same ta darasi ne. Tun kafin a je Kiyoto, Majalisar Dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a 95 ba tare da ko ɗaya mai adawa ba, cewa ba za ta karɓi yarjejeniyar da ta ƙyale ƙasashe masu tasowa ba. A 2001 Shugaba George Bush ya yi watsi da ita. Sai a watan Fabrairun 2005 ta fara aiki, a 2011 kuma Kanada, da ta ga ba za ta cika kasonta ba, ta sanar da ficewarta. Daga nan masu tsara tarukan suka ɗauki darasin cewa duk kalmar da ke da haƙori za ta kori manya daga zaure.

Abin da ya faru a Paris ranar 12 ga Disamba 2015 ya fi komai fito da wannan fili. Ana shirin amincewa da daftarin ƙarshe sai lauyoyin Amurka suka gano cewa a sashe na huɗu, inda ake maganar ƙasashe masu arziki su ja gaba wajen rage hayaƙi, an yi amfani da kalmar Turanci mai nufin "wajibi ne", maimakon 'yar'uwarta mai nufin "ya kamata". Sakataren Harkokin Wajen Amurka na lokacin, John Kerry, ya shaida wa shugaban taron, Laurent Fabius na Faransa, cewa ƙasarsa ba za ta iya shiga da wannan kalma ba. Aka tsayar da zaman na wani lokaci, daga baya aka sanar cewa kuskuren rubutu ne, aka sauya kalmar, aka buga guduma. Duk Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin "wajibi ne ka biya ni" da "ya kamata ka biya ni". Da ta farko ake zuwa gaban alƙali, ta biyu kuwa nasiha ce. A wannan taron ne kuma aka amince a karon farko da sashe na musamman kan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa, amma a cikin ƙudurin da ya raka yarjejeniyar aka rubuta ƙarara cewa wannan sashe ba zai zama hujjar ɗora wa wata ƙasa laifi ko neman diyya daga gare ta ba.

A Gilasgo a 2021 an sake irin wannan wasa da kalma. Daftari ya ce a kawo ƙarshen amfani da kwal, a mintunan ƙarshe Indiya, da goyon bayan Sin, ta nemi a mayar da shi a rage amfani da kwal, haka kuwa aka yi. A Dubai a 2023, bayan kusan shekara talatin ana taro, aka ambaci makamashin kwal da fetur da gas a dunƙule, amma da lafazin a kama hanyar ƙaura daga gare su, ba tare da an faɗi ranar isa ba. A Belem a 2025 ko wannan ambaton bai samu shiga babban ƙudurin taron ba, duk da cewa ƙasashe fiye da 80 sun nemi a tsara taswirar yadda za a yi ƙaurar. Dalilin da ya sa haka ke yiwuwa shi ne tun farko ƙasashe ba su daidaita a kan ƙa'idar kaɗa ƙuri'a ba, don haka komai sai da yardar kowa, wanda ya fi kowa taurin kai shi ke yanke wa jimla tsawonta. Duk da wannan sassauci, Amurka ta fice daga yarjejeniyar Paris a 2020, ta dawo a 2021, Shugaba Trump kuma ya sake sa hannu a kan takardar ficewa a ranar 20 ga Janairu 2025.

Idan aka zo maganar kuɗi, nan ma labarin bai sauya ba. A Kwapanhegan an yi alkawarin tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 a kowace shekara kafin 2020. Bisa lissafin ƙungiyar ƙasashe masu arzikin da kanta, sai a 2022 aka cika wannan adadi, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ya fito daga gwamnatoci da bankunan raya ƙasa rance ne. Kalmar da aka zaɓa ita ce "tarawa", kalma mai faɗin da ta haɗiye kyauta da rance da jarin 'yan kasuwa duk a buhu ɗaya. A Sharmus Shaikh ta Masar a 2022 an amince a kafa asusun asara da ɓarna, a Dubai aka buɗe shi da alkawuran da ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba, kuma zuba kuɗi a cikinsa ganin dama ne. A Baku ta Azabaijan a 2024 ƙasashe masu tasowa sun nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara, aka ba su alkawarin biliyan 300 nan da 2035, abin da wakilan Indiya da na Nijeriya suka tashi a zauren suka yi tir da shi. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa nan da 2035 ƙasashe masu tasowa za su buƙaci sama da dala biliyan 300 a shekara don daidaita rayuwarsu da sabon yanayi kaɗai, alhali abin da suka samu don wannan aiki a 2023 bai wuce kimanin biliyan 26 ba.

Mai karatu zai iya ganin misalin a gida. Babban shirin da ya shafi farfaɗo da ƙasar noma da magance zaizaya a jihohin Arewa 19 da Abuja, wato ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamban 2021 a kan dala miliyan 700, rance ne mai sauƙin sharuɗɗa. Shiri ne mai amfani, amma 'ya'yan manomin Zuru suna cikin waɗanda za su biya shi. An ɓata masa gona, an kuma ba shi rancen gyara.

Masu masaukin baƙi a Belem sun yi wa taronsu take da kalmar "mutirao", wadda Barazil ta gada daga harsunan mutanenta na asali, ma'anarta kuma aikin da jama'a ke taruwa su yi wa ɗayansu. Wannan ita ce gayya a wurinmu. Sai dai duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san tana da ƙa'ida: ana sa rana, ana ganin wanda ya zo da fartanyarsa, wanda ya ƙi zuwa kuma shi ma ba za a je tasa ba. Mutanen Zuru suna da abin da ya fi gayya tsauri, wato golmo, al'adar da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da yake nema aikin gona tare da tsararrakinsa har tsawon shekara bakwai kafin a ba shi aure. Ko da yake zamani ya rage wa al'adar ƙarfi, hikimar da ke cikinta tana nan. Alkawarin golmo yana da wa'adi sananne, yana da aikin da ido ke gani, yana da shaidu, kuma sai an gama aiki ake karɓar lada. A tarukan yanayi an juya wannan tsari, ƙasashe masu masana'antu sun riga sun ci moriyar sararin sama shekara ɗari biyu, aikin biya kuma kullum ana ɗaga shi zuwa 2030 da 2035 da 2050, lokacin da yawancin masu sa hannun sun bar mulki.

Ban ce tarukan ba su da amfani ba. Kafin Paris, hasashen masana shi ne duniya ta doshi ƙarin zafin da ya kusa digiri 4 a ƙarshen wannan ƙarni, yanzu hasashen ya sauko ƙasa da digiri 3. Farashin wutar hasken rana ya faɗi warwas, har ga shi ana ganin farantanta a kan rijiyoyin burtsatse da shagunan cajin waya a ƙauyukanmu. A ranar 23 ga Yuli 2025 kuma Kotun Duniya da ke Heg, bisa ƙoƙarin da ƙaramar ƙasar tsibiri ta Banuwatu ta jagoranta, ta ba da fatawar cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe a dokar duniya, kuma wadda ta saɓa za a iya neman ta biya diyya. Fatawa ce, ba hukunci mai tilastawa ba, amma ta mayar da kalmar "wajibi" kan tebur.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma mun iya wannan wasa da kalmomi. Dokar 1979 ta sa ranar 1 ga Janairu 1984 a matsayin ranar daina ƙona iskar gas a rijiyoyin mai, aka yi ta ɗaga wa'adin har ya kai 2030, kuma Nijeriya ba ta fita daga sahun ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya ba. A Gilasgo marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba, ya dawo gida ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a watan Nuwamban 2021. Amma tsadar kananzir da gas ɗin girki, musamman bayan cire tallafin mai a 2023, ta mayar da gidaje da dama kan itace da gawayi, har kaɗanya da ɗorawa, waɗanda da can manomi ba ya sa musu gatari, suna ƙarewa a cikin buhunan gawayi. An kafa Asusun Kula da Muhalli tun 1981, jihohi da ƙananan hukumomi suna da kaso a cikinsa, amma mutum nawa ne a Fakai ko Sakaba zai iya nuna aikin da aka yi masa da wannan kaso? A taron Dubai sunayen mutum 1,411 ne suka fito a ƙarƙashin tutar Nijeriya, gwamnatin tarayya ta ce 422 ta ɗauki nauyi. Yawan jama'a a otal ba ya sauya kalma ɗaya a daftari. Lauya ko masanin da ya shekara goma yana bin sashe guda shi ke iya wannan.

Ga kuma matsalar tsaro. A daidai lokacin da ake zaman Belem, ranar 17 ga Nuwamba 2025, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu suka sace ɗalibai 25. Ba na cikin masu ɗora wa sauyin yanayi alhakin ta'addanci, domin yin haka wanke masu laifi ne da masu sakaci. Amma manomin da ba ya iya zuwa gonarsa mai nisa, ko ya bar ƙauyensa ya koma gari gudun hijira, babu wata dabarar jure fari da za a koya masa ta yi aiki. Tsaro shi ne matakin farko na daidaita rayuwa da yanayi a ƙasar Zuru.

Akwai kuma gyaran da ya shafi fagena. Harsunan aiki na Majalisar Ɗinkin Duniya shida ne, babu na Afirka ta kudu da Sahara ko ɗaya, ainihin ciniki kuma a ƙananan ɗakuna da Turanci ake yin sa. Idan magana ta iso gida sai mu ce "sauyin yanayi", alhali kalmar "yanayi" a Hausa tana ɗaukar halin sama na yini guda, tana ɗaukar damina da rani da hunturu, tana kuma ɗaukar halin da ƙasa ke ciki na tsawon shekaru. Mai sauraron rediyo zai iya fahimtar cewa ana nufin shigowar bazara ne kawai, abin da ya saba gani. Idan Hausa mai kafofin watsa labarai da dama tana da wannan ruɗani, ina ga C'lela da sauran harsunan yankin? Mutumin da ba a fayyace masa abin da ya same shi da wanda ya jawo ba, ba zai san yana bin kowa bashi ba, sai ya karɓi buhun taki guda yana godiya.

Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu. Na farko, sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu su zauna da masana aikin gona, musamman na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020 a kan harsashin tsohuwar kwalejin aikin gona, su daidaita kalmomin wannan fanni a Hausa da C'lela. Hasashen damina da Hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara ya riƙa isa ga manomi a harshensa kafin ruwan farko, da bayanin lokacin da ya dace a yi shuka da irin da ya dace da gajeriyar damina.

Na biyu, duk kuɗin da ya shigo da sunan yanayi, na rance ne ko na kyauta ko na Asusun Kula da Muhalli, a riƙa bayyana shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: nawa ne, wane aiki, a wane ƙauye, yaushe za a gama. Wato mu yi wa kanmu ƙa'idar golmo kafin mu nemi duniya ta yi mana.

Na uku, sarakuna da hakimai da dagatai su yi hattara da cinikin kabon. A Baku an kammala ƙa'idojin kasuwar da kamfani zai biya kuɗi a kiyaye daji a wata ƙasa domin a ba shi izinin ci gaba da fitar da hayaƙi a tasa. A 2023 wani kamfanin Dubai ya nemi ikon kula da kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar Laberiya ta wannan hanya. Irin wannan takarda tana iya zuwa kowane daji namu. Kada a sa hannu a kan abin da ba a fassara wa masu kiwo da masu tsintar kaɗanya da masu gonakin gefen dajin ba.

Na huɗu, wakilanmu su riƙe bambancin da masana biyu 'yan Indiya, Anil Agarwal da Sunita Narain, suka fito da shi tun 1991, tsakanin hayaƙin neman abinci da hayaƙin jin daɗi. Shanun makiyayi da fadamar shinkafa suna fitar da iskar mitan mai ɗumama duniya, wannan gaskiya ne, amma ba a haɗa su a ma'auni ɗaya da gas ɗin da ake ƙonawa a banza a Neja Delta ko jiragen shaƙatawa na attajirai. Idan za mu rage, daga gas ɗin da muke ƙonawa za mu fara. An tsayar a Belem cewa taron 2027 a Addis Ababa za a yi shi, a ƙasar Afirka. Shirin zuwa can shi ne a tanadi mutane kaɗan ƙwararru waɗanda suka san nauyin kowace kalma, suka kuma san abin da jinkirin ruwa na mako uku ke nufi ga mai dami talatin na dawa.

Ruwa na Allah ne, babu mai jayayya da wannan. Amma hayaƙin da ya rikita lissafin damina aikin ɗan Adam ne, kuma an san masu shi da adadinsa. Manomin Zuru yana bin duniya bashi, yana kuma bin gwamnatocinsa bashin bayani da tsaro da riƙon amana. Mu da Allah ya ba ilimin karanta waɗannan takardu, haƙƙinsa a kanmu shi ne mu karanta masa su da gaskiya, mu nuna masa inda aka rubuta "wajibi ne" da inda aka goge aka sa "ya kamata". Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.